Ɗabi'ar Dainoso a Wasannin Gina Gandu



Mas'alar da aka ɗora mini in yi magana a kanta yau, mai yiwuwa ne wasu daga cikin dattawan da ke wannan zaure su ga ba ta kai a tara jama'a dominta ba, tun da yake wasa ce, wasan ma na kwamfuta, dabbobin da ake wasan da su kuwa sun ƙare daga doron ƙasa tun kimanin shekara miliyan 66 da suka shige. Amma ina roƙon a yi mini uzuri, domin duk wanda ya ɗauki nauyin zai tayar da surar dabba a kan allo, ya sa ta ci, ta sha, ta tsorata, ta kwanta, to, ko ya sani ko bai sani ba, ya shiga fagen da Jahizu na Basra ya shiga da littafinsa na dabbobi a ƙarni na 9, da wanda Damiri na Masar ya shiga bayansa da Hayatul Hayawan, watau fagen lura da ɗabi'un halittu, kuma wanda ya shiga wannan fage ya wajaba a tambaye shi hujja, ko malami ne ko maginin wasa.

Ga wanda bai san wasan ba, ga siffarsa a taƙaice. A 1990 wani marubucin Amurka, Michael Crichton, ya wallafa ƙagaggen labari mai suna Jurassic Park, Steven Spielberg ya mayar da shi fim a 1993, jigonsa kuwa shi ne wani attajiri ya sa masana su farfaɗo da dainoso daga jinin da sauro ya tsotsa ya daskare cikin ƙaro, ya killace su a wani tsibiri don jama'a su biya su kalla, har al'amari ya fi ƙarfinsa. Daga nan aka samu wasannin da ke zaunar da mai wasa a kujerar wannan attajiri: Operation Genesis a 2003, sa'an nan Jurassic World Evolution na kamfanin Frontier da ke Kambirij a Ingila, wanda na farkonsa ya fito a 2018, na biyu a 2021, na uku a 2025. Kai ne za ka aika a haƙo ƙasusuwa, ka ƙyanƙyashe dabba a ɗakin bincike, ka kewaye ta da shingen lantarki, ka haƙa mata tafki, ka gina wa baƙi rumfar kallo da kantuna da masauki, kana lissafin shiga da fita. In guguwa ta kayar da shinge, ko dabba ta fusata ta fasa shi, sai ka tura jirgi mai saukar ungulu a harbe ta da allurar barci a mayar da ita mazauninta.

Ta fuskar sura, ba ni da abin da zan ce wa maginan waɗannan wasanni sai yabo. Fatar dabbar tana motsi a kan tsoka, ruwan sama yana gangara a bayanta, ido yana ƙiftawa. Matsalar tana farawa ne bayan mutum ya yi 'yan sa'o'i yana kallo, sa'ad da zai lura cewa wannan halitta mai kyan ƙira ba ta da wani sha'ani nata na kanta: tana yawo tsakanin akwatin abinci da tafki, tana tsayawa ta yi ruri ba wanda ya tsokane ta, in ta haɗu da kishiyarta sai su kewaya juna su yi irin faɗan da suka yi jiya, in ma'aunin jin daɗinta ya sauka ƙasa da wani adadi sai ta nufi shinge da kai. Ta zama kamar ɗan kama da aka ɗauko don nishaɗin 'yan kallo, ba ya motsi sai inda ido yake. Dabbar gaske kuwa, alamarta ta farko ita ce ba ta damu da mu ba. Cikinta, da tsoronta, da 'ya'yanta, su ne suka cika mata rana. Wannan shi ne abin da nake so in kafa a wannan zama, sauran maganata duk sharhi ne a kansa.

Amma kafin mu ce a gyara, dole mu san daga ina za a ɗauko gyaran, tun da ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa ganin dainoso da rai. A nan ina ganin tsarin malaman usulu zai taimake mu, domin hujjojin wannan fanni daraja-daraja ne. Akwai abin da dutse ya faɗa da bakinsa, kamar sawun ƙafa, da sheƙa, da tabon cizo a ƙashi, da abincin da aka tarar cikin tumbi; wannan shi ne matsayin nassi. Akwai ƙiyasi, wanda Lawrence Witmer ya tsara masa ƙa'ida a 1995: tsuntsaye jikokin dainoso ne, kadoji kuwa 'yan'uwansu ne mafiya kusa a cikin rayayyu, saboda haka ɗabi'ar da aka samu a wurin tsuntsu aka kuma samu a wurin kada, kamar gadin ƙwai da kiran 'ya'ya, zato mai rinjaye shi ne dainoso ma yana da ita. Sai kuma ra'ayi tsantsa, wanda ba nassi ba ƙiyasi, irin tofin dafi da lemar wuya da fim ya ba Dilophosaurus, alhali ba a samu ko alamar ɗayansu a ƙashinsa ba, kuma dabba ce da tsawonta ya kai mita 6 ko fiye, ba 'yar ƙaramar da aka nuna ba. Ban ce a haramta ra'ayi a cikin wasa ba, tun da wasa ne. Abin da nake ƙi shi ne a bar nassi yana kwance a ɗauki ra'ayi, musamman da yake nassin, kamar yadda za ku ji, ya fi ra'ayin ban sha'awa.

Mu fara da yadda dabba ke raba yininta, domin a nan ne giɓi ya fi faɗi. Giwa takan shafe har sa'a 16 tana kiwo a rana guda. Zaki kuwa, bisa ga abin da George Schaller ya gani a dajin Serengeti na Tanzaniya ya kuma rubuta a 1972, yakan kwana ya wuni yana hutawa wajen sa'a 20. Kada na iya yin watanni bai ci komai ba. To, dabba mai nauyin giwa huɗu ko biyar da ke rayuwa da ganye, ina ta ga lokacin yawon banza da ruri? Kamata ya yi mai wasa ya tarar da ita kusan kullum da kai cikin ganye, tana tafe tana ci, tana barin ɓarna a bayanta, itatuwan da ta kakkarya su ɗauki lokaci kafin su farfaɗo, har ya zama ala tilas garke ya ƙaura zuwa wani sashe na gandu ya dawo in wuri ya yi toho. Kuma ba kowane ganye take ci ba. A 2011 masu haƙar ma'adinai a lardin Albata na Kanada suka ci karo da gawar wani dainoso mai sulke, wanda aka sa wa suna Borealopelta, da fatarsa da abin da ke cikin tumbinsa. Da aka bincika sai aka ga galibin abin da ya ci ganyen wani irin tsiro ne guda mai son damshi, ya tsallake wasu tsirrai da ke yankin da yawa, kuma akwai gawayi a haɗe, abin da ke nuna ya yi kiwo a wurin da gobarar daji ta ci sabon toho ya fito. Ga zaɓi ke nan, ga dalilin ƙaura, duk daga tumbi ɗaya.

Barci ma dutse ya yi magana a kansa. A 2004 Xu Xing da Mark Norell suka bayyana wani ɗan ƙaramin dainoso daga lardin Liyawonin na ƙasar Sin, Mei long, wanda ajali ya riske shi yana barci: ƙafafu a naɗe ƙarƙashin ciki, wutsiya ta zagaye jiki, kai a cuse bayan hannu, daidai yadda agwagwa ke kwana a yau. Wasu masana kuma sun auna zoben ƙashin ido a 2011, suka rinjayar da cewa Velociraptor na cikin masu fita da dare. Ashe ke nan gandu na gaskiya zai kasance da ma'abota rana da ma'abota dare, mai gandu kuma zai shiga lissafin wane keji ne baƙi za su tarar a farke da hantsi, wane ne sai an shirya masa kallon dare. Na san wani zai ce, wa zai biya kuɗi ya kalli dabba tana barci? Amsata ita ce, duk wanda ya taɓa zuwa gidan namun daji ya san jama'a sukan yi cincirindo a gaban zaki mai barci suna jiran ya ɗaga kai, kuma sa'ad da ya ɗaga, wannan ɗagawar ta fi ruri ɗari tasiri, saboda an jira ta.

Sai farauta, inda fim ya fi yi wa hankalinmu ɓarna. A cikin wasa, galiban, in mai cin nama ya zaɓi abin da zai kama, hukunci ya riga ya tabbata, sauran duk nuni ne. A daji kuwa kuskure ya fi dace yawa: zakunan da Schaller ya bi, ko a ƙungiya, ba su kan ci nasara sai a wajen 30 cikin 100 na yunƙurinsu, wanda ke farauta shi kaɗai kuwa bai kai 20 ba. Kuma muna da shaidar cewa sarkin masu cin naman ma yakan yi kuskure, domin a 2013 aka bayyana wasu ƙasusuwan wutsiya guda biyu na wani dainoso mai bakin agwagwa daga Dakota ta Kudu, da haƙorin Tyrannosaurus a karye a tsakaninsu, ƙashi kuma ya warke ya lulluɓe haƙorin; watau an cije shi ta baya yana gudu, ya kuɓuta, ya rayu tsawon lokacin da ƙashi ke bukata ya haɗe. Abin farauta kuma ba ya miƙa wuya. A 1971 tawagar masana na Polan da Mongoliya ta tono a hamadar Gobi wani Velociraptor da wani Protoceratops a sarƙe da juna, na farkon ya kafa ƙumbar ƙafarsa wajen wuyan na biyun, na biyun kuma ya datse masa hannun dama da baki, yashi ya binne su a haka. Dabbar da ta san kofato ɗaya ko ƙaho ɗaya na iya karya mata muƙamuƙi, ta mutu da yunwa, ba za ta auka wa ƙaƙƙarfan namiji a tsakiyar garke ba. Za ta bi gefe, ta nemi ƙarami, ko tsoho, ko mai ɗingishi, ta gwada, in ta ga an farga ta janye, in ta samu mushe ta ci ta gode. Ina so a sa wa mai cin nama tsoro a cikin lissafinsa, a sa masa gajiya, a sa masa ƙoshi, ta yadda bayan ya ci zai kwanta kwana da kwanaki, ƙananan dabbobi suna wucewa ta gabansa yana binsu da ido kawai.

Ina ƙara da tunawa, wadda ita ce mafi sauƙin rubutawa a kwamfuta kuma mafi ƙarancin samuwa a waɗannan wasanni. Garken da aka kai wa hari a wani mashayi ya kamata ya ƙaurace masa na wani lokaci, ko ya zo a ɗarare, manya a gaba, ana sha ana ɗaga kai; mai cin naman da Triceratops ya soka ya kamata ya riƙa ratse wa irinsa; wanda ya tsira da tabo ya kasance da tabonsa har mutuwa, mai wasa ya gane shi daga nesa. Da zarar dabba ta samu tarihi, mai wasa zai daina ƙirga ta a cikin kadara ya fara kiranta da suna.

Faɗa tsakanin 'yan jinsi ɗaya ya tabbata, ba musu. An samu tabon cizo da ya warke a fuskokin manyan dainoso na dangin Tyrannosaurus da yawa, ƙanana kuwa ba su da shi, abin da ke nuna faɗan na balagaggu ne. Andrew Farke da abokansa sun nuna a 2009 cewa raunukan da ke kan faifan ƙashin wuyan Triceratops sun dace da inda ƙahon ɗan'uwansa zai sauka in sun haɗa kai. Amma a lura da cewa waɗannan raunuka warkakku ne, ma'ana an yi faɗa an rabu da rai. Wasannin Frontier sun shigo da faɗan neman shugabancin garke da kuma mallakar yanki, kuma wannan ci gaba ne da ya cancanci a ambata. Abin da ya rage shi ne matakan da ke gabanin faɗa, waɗanda su ne mafi yawa a daji: kallon-kallo, da juya gefe don nuna girma, da tafiya kafaɗa da kafaɗa ana auna juna, da kumbura wuya, da tonon ƙasa, har ɗaya ya ga ba riba ya sunkuyar da kai ya ba da wuri, ba tare da an zubar da jini ba. A 2016 Martin Lockley ya bayyana wasu ramuka na karce a duwatsun jihar Kolorado, wasunsu sun kai mita 2, da yawa a fili ɗaya, waɗanda manyan masu cin nama suka tona da ƙafafunsu kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, ya kuma fassara su da cewa dandalin nuna bajinta ne na lokacin neman aure, irin wanda wasu tsuntsaye ke yi har yau. Ku ƙaddara dabba mai tsawon motar haya tana rawar neman mata, ƙura na tashi, sauran suna kewaye suna kallo; ban san wani faɗa da aka zana a wasa da zai kai wannan jan hankalin baƙi ba.

Rurin Tyrannosaurus da duniya ta haddace kuwa, Gary Rydstrom ne ya haɗa shi don fim daga kukan ɗan giwa da damisar Asiya da kada. Mai farauta ba ya shelar zuwansa. Ƙiyasi da tsuntsaye da kadoji ya fi karkata ga sauti mai zurfi da ake yi da baki a rufe, kamar gunjin namijin jimina sa'ad da ya kumbura wuya, ko kukan kurciya, ko rugugin kada da ke sa ruwa rawa a bayansa. Parasaurolophus kuma yana da doguwar tukkuwar ƙashi mai rami wadda hanyar numfashi ta ratsa, David Weishampel ya lissafa tun 1981 cewa za ta ba da amo mai kauri da ke tafiya nesa. Abin da ya fi muhimmanci ga wasa shi ne kowane kuka ya kasance da ma'ana da kuma mai amsawa: na gargaɗi ya sa garke ya ɗaga kai gaba ɗaya, na uwa ya tattaro 'ya'ya, na namiji ya samu martani daga can wani keji.

Akwai mas'alar da malaman fannin suka yi saɓani a kanta, ita ce farautar ƙungiya. John Ostrom, wanda ya bayyana Deinonychus a 1969, ya tarar da gawarwakinsu da dama tare da ta wani babban mai cin ganye, ya fahimci cewa tare suka kayar da shi kamar kyarketai, kuma daga wannan fahimta fim ya gina nasa Velociraptor, wanda na gaskiyarsa bai fi babban talotalo da yawa ba, kuma yana da gashin tsuntsu. A 2007 wasu suka yi raddi, suka ce abin ya fi kama da guzan Komodo, waɗanda ke taruwa a kan nama ɗaya kowa don kansa, har babba ya kashe ƙarami. Nazarin sinadaran haƙora na 2020 ya ƙarfafa wannan, da ya nuna ƙanana da manya ba abinci ɗaya suke ci ba. Sai dai kuma a lardin Shandon na Sin an samu sawun 'yan wannan dangi shida sun bi hanya ɗaya tare. Shawarata ga magina wasa ita ce kada su yanke hukunci inda malamai ba su yanke ba. Su ba mai wasa zaɓin mazhabar da zai bi a gandunsa, ta Ostrom ko ta masu raddi, su rubuta masa hujjar kowane ɓangare a layi biyu, ya gwada ya ga abin da kowacce ke haifarwa. Yaron da ya yi haka ya koyi yadda ake saɓani a ilmi, darasin da makarantu da yawa ba su koyarwa.

Tafiyar garke ba ta da wuyar da ake zato. Tun 1987 Craig Reynolds ya nuna cewa in aka ba kowane tsuntsu na kwamfuta ƙa'ida uku kawai, kada ya yi karo da maƙwabcinsa, ya fuskanci inda maƙwabta suka fuskanta, kada kuma ya yi nesa da su, sai tashin garke ya bayyana da kansa ba tare da an zana shi ba. Abin da za a ɗora a kai shi ne tsarin shekaru: a yankin Fatagoniya na Ajantina an samu ƙwai fiye da 100 da gawarwaki wajen 80 na Mussaurus, masu shekara miliyan 193, ƙanana a tare da sa'o'insu, manya a nasu wuri. Wasa na uku, na 2025, ya shigo da maza da mata da sheƙa da 'ya'ya, kuma a nan nassi yana da yalwa. Jack Horner da Bob Makela sun bayyana a 1979 wata sheƙa a Montana da jarirai 15 na Maiasaura, daga baya aka ga sheƙuna ne jere da juna, tsakaninsu wajen mita 7, gwargwadon tsawon uwa. A Mongoliya an samu Citipati a kwance kan ƙwai, hannuwa a baje sun rufe su. Gregory Erickson kuma ya ƙirga layukan girma a haƙoran 'yan tayi a 2017 ya samu cewa kwancin wasu ya kai wata 3, na wasu wata 6. Uwar da ke gadin sheƙa wata 6 ita ce dabbar da ta fi kowace hatsari a gandu, kuma za ta rame. Mai gandu na gari zai rufe hanyar motar baƙi ta wannan gefe, ya yi asarar kuɗi yana sane. Yawancin jarirai kuwa ba za su kai girma ba, in an bar al'amari bisa ɗabi'arsa, kuma ina ganin ya kamata a bar wa mai wasa wannan nauyi ya yanke shawarar inda zai sa hannu.

Game da shinge da ma'aikata, akwai ilmin da aka daɗe da tattarawa wanda wasannin ba su amfana da shi sosai ba. Heini Hediger, mutumin Suwizalan da ya shugabanci gidan namun daji na Zurik, ya bayyana cewa kowace dabba tana da tazarar da in an ƙetare ta za ta gudu, da wata mafi kusa da in an ƙetare ta, ba kuma hanyar gudu, za ta juyo ta auka. Wannan ya isa ya maye gurbin ƙa'idar nan ta cewa duk dainoson da ya fita keji sai ya nufi mutane. Galibin dabbobin da suka kuɓuce neman maɓoya suke yi, wasu ma su koma kejin da kansu, tun da shi suka sani. Dabbar da ke cikin ƙunci kuma jikinta ke faɗa tun kafin ta taɓa shinge: safa da marwa a layi ɗaya har ƙasa ta yi hanya, kaɗa kai, ƙin abinci, tsigar gashi, ware kai daga garke. Da ni ne, da na sa wani mataki na wasan inda za a ɓoye ma'aunin nan mai launin kore da ja, a bar mai wasa ya karanta halin dabba daga tafiyarta da tsayuwarta, yadda makiyayi ke gane saniyar da ba ta da lafiya tun tana nesa.

Ban jahilci uzurin magina ba. Kowace dabba da aka ba tunawa da tsoro da zaɓi tana cin ƙarfin na'ura, gandu ɗaya kuma na iya ɗaukar dabbobi fiye da 100 da dubban baƙi, sa'an nan mai lasisin fim yana so a ga dainosonsa kamar yadda aka san shi. Amma masu wannan sana'a sun daɗe da sanin dabarar sauƙaƙa lissafin abin da ke nesa da ido a zurfafa na wanda ake kallo, kuma mafi yawan abin da na ambata sauya adadi ne da ƙara sharaɗi, wanda ya fi zana sabuwar dabba araha nesa ba kusa ba.

Bari in gwada muku duk wannan a keji ɗaya, na dabbobin da aka haƙo daga ƙasar da wasunku suka fito. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere gabas da Agadas, Philippe Taquet na Faransa ya yi haƙa tun daga 1965, ya bayyana Ouranosaurus mai tozon ƙashi a baya a 1976. Paul Sereno na Jami'ar Cikago ya biyo baya, ya bayyana Suchomimus a 1998 da Nigersaurus a 1999. Dukan ukun suna cikin wasan Frontier, kuma, saɓanin yawancin haɗe-haɗen da mai wasa ke yi, waɗannan sun zauna tare da gaske, kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, sa'ad da wurin yake ƙasar koguna da fadamu. Stegosaurus da Tyrannosaurus kuwa, da ake yawan jerawa kusa da juna, tazarar zamanin da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakanin Tyrannosaurus da mu. Nigersaurus tsawonsa wajen mita 9 ne, bakinsa ya fi sauran kansa faɗi, miƙaƙƙe kamar bakin shebur, haƙoransa fiye da 500 jere bisa jere, kowanne yana sauyawa a wajen kwana 14 saboda tsananin ci. Irin wannan dabba a ajiye ta a bakin fadama, kai a ƙasa, tana kaɗa wuya dama da hagu tana aske gajerun tsirrai, ta matsa taku biyu ta sake, ta bar fili a share a bayanta, ma'aikata kuma su riƙa tsintar haƙoran da ta zubar. Suchomimus, mai dogon baki irin na kada, ɗan'uwan Baryonyx ne na Ingila wanda aka tarar da ɓawon kifi a cikinsa, saboda haka wurinsa shi ne ruwa mara zurfi, a tsaye cik na tsawon lokaci, yana jiran kifi, bai kula da garken da ke sha a ɗaya gefen ba sai fa in ɗan ƙarami ya ware. Ouranosaurus su zo mashaya a ɗarare, su ƙi zurfi, domin a wannan kogi ne Sarcosuchus yake, kadan da tsawonsa ya wuce mita 9, wanda shi kansa Suchomimus zai riƙa ba shi hanya. In rani ya yi a cikin wasan ruwa ya ja baya, dukansu za su matsu a tafki ɗaya, a nan ne mai gandu zai yanke ko ya haƙa wani tafkin da kuɗinsa, ko ya raba su da shinge, ko ya bar su su daidaita da kansu ya ɗauki abin da ya biyo baya.

Shugaban zama, na ga lokacin da aka ba ni ya cika, na mayar maka da magana don masu tambaya.